Inna Jimrau da Ruwan Maƙera

Da sunan Wanda Ya halicci abin da ido ke gani da abin da ya fi ƙarfin ido, Ya sanya ƙarami a cikin babba, Ya yanka wa kowanne abincinsa. Bayan haka, ku matso ku gyara zama, mai goyo ta kwance goyonta, mai sauri ya ajiye saurinsa, don labarin nan daga nesa na ɗauko shi, kuma sai da na kusa barin muryata a can.

Ni ce Daso, 'yar Kwarin Tsamiya. Harshe ɗaya aka haife ni da shi kamar kowa, amma duk muryar da ta shiga kunnena sai ta sami ɗaki a maƙogwarona ta zauna. Na taɓa sa mai unguwarmu ya tsuguna a gaban katanga yana ta kwasar gaisuwa, don ya ji muryar surukinsa a bayanta, alhali ni ce a kan turmi ina cin gyaɗa. Da ƙara ta yi wa babana yawa, sai ya kira yayarsa ya ce, "Yaya Tabawa, tunda tafiya za ki yi, ki tafi da ita, ko garin nan ya huta."

Gwaggo Tabawa mai maganin dabbobi ce, gajeruwa kakkaura, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ba ta rabo da jakar fata da aska mai kaifi. Abu ɗaya ke cin ranta. Takan ce, "Na tsufa ina faɗa da cuta, ban taɓa ganin fuskarta ba." Sai ta ji labarin wata dabba a ƙarshen duniya wadda girmanta ya kai har ana iya ganin ƙwayoyin cutarta da ido. Nan take ta ɗaure kaya, ni kuma na zama cikin kayan.

Muka ratsa ƙasar da kifaye ke fitowa tudu kiwo da hantsi. Muka wuce garin da mutanensa ke tafiya da baya don kada su manta inda suka fito. Ba mu tsaya ba sai a gaɓar Tekun Gishiri, wanda babu ɗigon ruwa a cikinsa, sai farin ɓawo iya ganinka, ƙarƙashinsa kuma taɓo ne mai riƙe duk abin da ya nutsa. A can tsakiya muka hango wani dutse yana tafiya. Ashe taguwa ce, wato raƙuma, sunanta Inna Jimrau, kuma gari guda ne a gadon bayanta, da gidajensa da lambunansa. Aikinta tun kaka da kakanni shi ne ta ƙetare gishirin daga tafkin yamma zuwa tafkin gabas, ta sha, mutanenta su cika rijiyoyinsu, ta juyo. Ba ta taɓa durƙusawa a hanya ba, don in ta durƙusa ɓawon zai fashe, taɓo ya kama ta, ita da garin su ƙare a wurin.

Wani mutum ne a gaɓar yake kai matafiya, da wasu manyan shamuwoyi masu ɗaukar kwando. Ya ce mana, "Ku koma inda kuka fito. Inna ba ta da lafiya, an hana baƙi."

Gwaggo ta ce, "Ai rashin lafiyar ce ta kawo mu, bawan Allah."

Ya ce, "To ta mayar da ku."

Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, shamuwa ɗaya ta sauko ta ɗauki buhun gero ta tashi. Na dubi Gwaggo, ta dube ni. Ta ce, "Kada ki soma." Amma tana faɗa tana cusa ƙafarta a kwando. Yana juya baya na maimaita fiton nan nasa, har da ɗan karkacewar da gibinsa ke sa masa. Kafin ya waiwayo muna sama, yana ƙasa yana jifan iska da takalmi.

Mun sami mutanen garin idanunsu jawur don kuka. Tafiyar Inna ta zama jan ƙafa, zafin jikinta yana ratso takalmi, rijiyoyi kuma sun kusa ƙafewa. A gindin wuyanta maƙera ne jere suna zuga wuta, suna tsoma jan ƙarfe a cikin wani ƙaton kwami, ruwan na tafasa yana yin baƙi, sannan a tura shi ta magudana zuwa bakinta. Wani ƙato mai ƙonannen gemu ya tare mu da awartaki a hannu. Shi ne Barmo, Sarkin Maƙera.

Ya ce, "Wa ya kawo ku?"

Na ce, "Tsuntsu, ranka ya daɗe."

Gwaggo ta make ni a ƙeya, ta gaishe shi, ta faɗi sana'arta, ta tambayi yadda ciwon ya faro. Ya ce wata ƙaya ce ta soki Inna a gindin tozo, wurin ya zama gyambo, zazzaɓi ya biyo baya. "Mu kuwa al'adarmu, in jikin Inna ya yi sanyi, ruwan maƙera muke ba ta, ƙarfe ya shiga jininta ta yi ƙarfi. Yanzu mun ninka, mun sake ninkawa. Fartanyoyi da wuƙaƙen gari duk sun shiga wuta. Kullum kuma baya take yi."

Gwaggo ta ce a bar mu mu shiga ta gyambon mu gani. Barmo ya ce sai dai a kan gawarsa. Sai wata tsohuwa ta leƙo daga bukkar da ke jikin kunnen Inna, bakinta babu haƙori ko ɗaya. Iya Shekara ke nan, wadda tun tana yarinya aikinta sauraron kukan Inna da faɗa wa gari abin da take nufi.

Ta ce, "Kai Barmo, gawar taka ai ta kusa, da tamu duka. Abin da muka sani mun yi. Matsa musu."

Muka shiga. Ciki ba duhu ba ne, wani jan haske ne irin wanda mutum ke gani in ya tare rana da tafin hannu. Koguna na gudu da jajayen fayafai a kansu, kowane faifai na fesar da iska mai daɗin shaƙa. Hagu da dama kuwa ɗakuna ne manne da juna kamar saƙar zuma, kowanne ya kai zaure, bangonsa kamar tantanin ƙwai, kana ganin duk abin da ke ciki.

Gwaggo ta dafa ƙirji. Ta ce, "Daso, ɗakunan jiki ke nan. Ni da ke ma da irinsu aka gina mu, namu ne dai ƙanana."

Muka manna fuska a bangon wani ɗaki. A tsakiyarsa akwai wani ƙaton dunƙulen zare yana gunji a hankali, shi Gwaggo ta sa wa suna uwar ɗaki. Akwai 'yan dako masu kama da tururuwa, girmansu kamar ɗan akuya, ba su da ido ko ɗaya, suna bin igiyoyi da ƙunshi a ka. Da murya kawai suke aiki. Ban daɗe ina sauraro ba na rarrabe gunjin uwar ɗaki iri biyu. In uwar ɗaki ta ja shi dogo mai lanƙwasa, sai su kawo abinci inda ta nuna. In ta yanke shi gajere, sai su ɗauki abin da ke wurin su kai wata tukunya a kusurwa, mai tafasa da ruwan tsami, wadda ke narkar da duk abin da aka jefa mata.

Sai ga wani abu ya zo, yana iyo a gefen kogi. Toka-toka ne, kamar guntuwar taɓarya, tsawonsa bai wuce kamu guda ba, ba kai ba ƙafa, sai wata siririyar allura a gabansa.

Gwaggo ta riƙe hannuna har ya yi zafi. Ta ce, "Sannu da zuwa, mugu. Ashe haka kake."

Ya soki bangon ɗakin da allurarsa. Bangon ya yi tattara kamar zanen da iska ta kaɗa, ya naɗe shi, ya shigar da shi ciki a cikin jaka. Uwar ɗaki ta yi gajeren gunji, 'yan dako suka ɗauki jakar suka nufi tukunya. Na ce a raina, shi ke nan, ka kawo kanka. Sai ya zuro allurar ta jikin jakar, wani sauti ya fito ta cikinta. Dogon gunjin uwar ɗaki ne, sak, har da ɗan rawar da ke ƙarshensa, kuma ya fi nata ƙarfi.

Na ce, "Gwaggo, wannan ai abokin sana'ata ne."

Ta ce, "Allah Ya raba mu da danginki."

'Yan dako suka sauke jakar a hankali kamar sun ɗauko jariri. Suka juya da gudu, suka dinga kawo masa abincin ɗakin: dunƙulen zaƙi, curin kitse, da wasu jajayen ƙwayoyi masu ƙyalli, wato ƙarfe. Ba shi da baki, ta fata yake tsotsa. Muna kallo ya yi tsawo, tsakiyarsa ta tsuke kamar an ɗaura masa ɗamara, ya rabu biyu. Sabon bai fara komai ba sai da ya tattara ƙwayoyin ƙarfe ya ƙera tasa allurar, sannan shi ma ya kama gunji. Uwar ɗaki tana ta kiran a kai su tukunya, amma murya biyu ta danne ɗaya. A ɗaki na gaba jakar ta cika da su kamar buhun rogo, uwar ɗakin ta rame ta yi shiru. Na gaba da shi kuwa a idonmu ya fashe, suka watsu cikin kogi kowanne na neman nasa bangon.

Gwaggo ta nuna min wasu ƙananan rumbuna a jikin kowane ɗaki. 'Yan dako na ta ƙoƙarin cusa ƙarfe a ciki su liƙe, amma rumbunan sun cika sun batse, ƙarfen na zube ko'ina, kogi kuma na ta kawo wani. Gwaggo ta bi rumbunan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Sannan ta ce gwiwarta ta gaji, ta jingina da bangon da ke bayanta, bakin askarta da ke ɗamara ya ɗan soke shi.

Ban ankara ba bango ya naɗe mu, mu biyu, fuskata a hamatar Gwaggo. Na ji gajeren gunji. Na ji an ɗaga mu sama. Warin tsami ya fara shigowa, mai sa hawaye.

Gwaggo ta ce, "Daso! Duk tsiyar da kika yi wa mutane a banza, yau ga ranarta. Yi!"

Na manna baki a jikin jakar na ja dogon gunjin nan. Na farko ya fita a karkace, suka ci gaba da tafiya. Na biyu na sa masa rawar ƙarshe. Suka tsaya cak a bakin tukunya, har ina jin tafasarta a ƙafata. Suka sauke mu. Jim kaɗan sai ga ƙunshi na ratso jaka yana faɗo mana a cinya.

Gwaggo ta gutsuri dunƙulen zaƙi ta lumshe ido. Ta ce, "Kai! Alewa. Dole su ƙi fita. Ci gaba, 'yar albarka, kada ki tsaya."

Na harare ta, don ba halin magana. Masu allura ta allura suke gunji, su ci ta fata, ni kuwa baki ɗaya gare ni. Ita tana ci tana yankar jakar da aska, jakar kuma tauri kamar ƙirgi, ni maƙogwarona na bushewa. Da muryata ta fara dushewa sai na ji an sake ɗaga mu. Jakar ta karkata, tururin tsami ya ƙone min gashin goshi, sannan askar ta ratsa. Muka faɗo ta gefe, muka tsaga bango, muka faɗa kan wani jan faifai, kogi ya tafi da mu.

Ya kai mu can cikin tozo, inda kogunan suka sirance, ƙarfe bai cika isowa ba. A nan muka ga abin da ya sa Gwaggo ta manta da gwiwarta. Masu allura suna nan, amma a rame. In ɗaya ya rabu biyu, sabon sai ya yi ta lalube bai sami abin ƙera allura ba, ya zauna bebe. Tsofaffin kuma allurarsu na cinyewa. Uwayen ɗaki na yin gajeren gunji babu mai danne su, 'yan dako na shafa wa jakunkunan wani baƙin tabo suna jidar su zuwa tukunya ɗaya bayan ɗaya. Ɗakunan wurin sun fara cikowa.

Gwaggo ta ce, "Kin gani? Jikin Inna ya san abin da yake yi. Ɓoye musu ƙarfe yake, su mutu da yunwarsa. Waɗancan bayin Allah kuma suna can suna ɗura musu da kwami."

Ta tsinci wata allura da ta faɗi a gefen bango, ta soke a ɗankwalinta, muka kama hanyar fita.

Mun fito mun tarar gari na tangaɗi. Gwiwoyin Inna na gaba sun fara lanƙwashewa, tukwane na gangarowa daga kan murhu, mata na riƙe da yara. Barmo ya tara sauran ƙarfen garin duka, har ƙofofi, ana shirin ba ta kwami mafi girma. Gwaggo ta hau kan turmi ta faɗi duk abin da muka gani, ta ce a tsayar da ruwan.

Wata mata ta ce, "Mu hana uwarmu abin ƙarfi tana wannan hali?"

Wani ya ce, "Baƙi ne, me ya dame su da ita!"

Barmo ya ce, "Baiwar Allah, kakana da wannan ruwan ya tashe ta, ubana ma haka. Sauka daga turmin nan."

Na ga magana ba za ta yi ba, sai na sulale na bi wuyan Inna na ɓuya a cikin gashin bayan kunnenta. Dama na riga na ji irin kukan da take yi in ƙuda ya dame ta, na ƙin abu. Na cika ƙirji na sake shi daidai lokacin da za su buɗe magudana. Wasu suka fara cewa, "Ta ƙi! Inna ta ƙi!" Ina cikin jin daɗi sai na ji an kama kunnena an murɗe.

Iya Shekara ta jawo ni har gaban jama'a. Ta ce, "Ga Innar taku. Ja'ira, kin iya, ban hana ki ba. Amma Inna daga ciki take ɗauko kukanta, ke kuwa daga maƙoshi."

Wurin ya kaure. Barmo ya ce a kira shamuwa, in babu shamuwa a jefa mu haka nan. Gwaggo ta zare allurar nan daga ɗankwali ta miƙa masa. Ta ce, "Kafin ka jefa mu, Sarkin Maƙera, duba min wannan. Ni ban san ƙarfe ba. A jikin abin da ke cin Inna na samo ta."

Ya karɓa don ya wurgar, sai hannunsa ya tsaya. Ya juya ta a rana. Ya ɗora ta a kan uwar maƙera ya ɗan buga, ya kasa kunne. Ashe maƙeran garin da gishirin tekun suke haɗa ƙarfensu, yana bar masa wani shuɗin zane da babu irinsa a duniya. Zanen na nan kwance a jikin allurar. Ƙaton mutumin nan ya zauna daɓas a ƙasa.

Ya ce, "Ƙarfena ne. Da hannuna na yi ta ba su."

Ya tashi, ya sa kafaɗa a jikin kwamin, ya kifar da shi ta gefen Inna. Baƙin ruwan ya zuba can ƙasa a kan farin gishiri.

Amma Inna ta saba da ruwan. Da ta ji shiru sai ta tsaya cak, ta fara wani kuka mai tsinka zuciya, gwiwarta na ƙara yin ƙasa. Gwaggo ta ce jikin na buƙatar kwanaki kafin ya cinye masu allura. Barmo ya ce in ta durƙusa yau babu wasu kwanaki.

Iya Shekara, wadda har lokacin ba ta saki kunnena ba, ta ce, "Abu ɗaya ne ba ta taɓa ƙin bi ba. Ina yarinya tana da ɗa. Da ya girma ya ɗauki nasa garin ya yi kudu. In ya yi kuka a gaba, ko wuta ce sai ta taka." Ta dube ni. "Ke mai bakin tsiya, in na yi miki, za ki iya ɗauka?"

Na ce, "In dai kin yi shi daidai, Iya."

Ta buɗe bakin nan mara haƙori ta yi wani abu kamar an taka agwagwa.

Na ce, "Iya, ɗan raƙumi ne ko kwaɗo?"

Ta ce, "Ubanki ne. Saurara da kyau, ki sa masa ƙuruciyar da na rasa."

Ta yi, na yi. Ta ce in ƙara siranta shi. Ta ce in karya shi a tsakiya kamar mai shirin shessheƙa. Ta ce in ɗauko daga ciki, ba daga maƙoshi ba. Can na yi wani, sai ta saki kunnena, idonta ya ciko. Ta juya ta ce wa Barmo a kawo gora mafi tsawo a garin.

Suka ɗaura kwando a bakin gorar, suka kafa gindinta a goshin Inna, suka zura ni gaba, ina reto a sararin Allah, hancinta a bayana kamar ƙofar kogo biyu, gishiri can ƙasa. Na rufe ido na yi kukan. Kunnuwanta suka miƙe. Na sake yi. Na ji gari duka ya girgiza, gwiwar nan ta miƙe, ƙafa ta ɗaga ta sauka a gaba.

Haka muka yi ta tafiya kwana da kwanaki. In na yi shiru ta tsaya, in na yi kuka ta taka. Matan garin na zuro min zuma da citta ta igiya, har matar da ta ce kada a hana Inna ruwan ta aiko min da faten wake. Da farko zazzaɓin ƙaruwa ya yi, mutane suka fara gunaguni, Barmo ya zauna a bakin maƙerarsa da masaba, gudumar ƙirarsa, a cinya ya ce duk mai son hura wuta ya zo ya gwada. Rijiyoyi suka koma laka. Sannan wata safiya numfashin da ke dukan bayana ya rage zafi. Gwaggo ta sake shiga gyambon, ta fito tana ɗingishi tana dariya, ta aiko min da saƙo cewa tukwanen tsami sun cika maƙil, bebaye kawai ake jida.

Ni kuwa muryata ƙarewa take kamar man fitila. Ran nan da hantsi na buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska. Na sake, babu. Inna ta rage tafiya. Na dubi gabas, fari ne fat har ƙarshen gani. Sai na ga hancinta ya buɗe, ta ja wani dogon numfashi da ya kusa zuƙe ni da kwandon. Ta ɗaga kai. Ta ji ƙanshin ruwa.

Jama'a, ban taɓa sanin dutse na gudu ba. Tukwanen da suka rage a garin duk a ranar suka fashe, babu wanda ya damu. Da la'asar kore ya bayyana, sannan shuɗi. Inna Jimrau ta taka yashin tafkin gabas, ta durƙusa a inda durƙuso ba ya kisa, ta tsoma baki. Mutane suka gangaro ta wuyanta suna faɗawa ruwa da kayan jikinsu, tsofaffi na kuka suna dariya, Barmo ya kwanta a bakin tafki yana sha kamar ɗan maraƙi.

Da aka sauko da ni sai na ga Inna ta ɗago kai tana waige-waige. Na san wanda take nema, zuciyata ta karye. Ƙaton idon nan ya sauko ya tsaya a kaina. Ta shinshine ni tun daga ƙafa har ka, ta daɗe, sannan ta fesa min ruwan hancinta har sai da na faɗi zaune.

Iya Shekara ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Ni ma da kunnen mutum ban ruɗu da ke ba, balle uwar da ta haife shi. Tun kukan farko ta san ba shi ba ne. Daɗi ta ji an tuna mata."

Mun zauna da su har gyambon ya rufe. Barmo ya yi wa allurar ƙota ya ba Gwaggo, ita kuma takan fito da ita ta nuna wa duk wanda ya tambaye ta ko ta ga fuskar cuta. Ni dai ban iya cewa ko "a" ba, sai nuni da hannu. Gwaggo ta ce a duk abubuwan mamakin da ta gani a tafiyar nan, babu kamar shirun nawa, tana ta addu'a ya ɗore.

Ranar da shamuwa ta sauke mu a gaɓa, muna tafe ita a gaba ni a baya, na ji wani abu ya warware a maƙogwarona. Na ce, "Gwaggo, yunwa nake ji."

Ta tsaya. Ta duba hagu, ta duba dama, ta duba bayan wani dutse. Ta ce, "Muryar wace ce wannan kuma?"

Na ce, "Tawa ce."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kwance jakar fata, ta fito da dunƙulen alewar da ta sato daga cikin Inna, ta raba biyu, ta ba ni babban.

Iyakar abin da na gani ke nan, na kuwa faɗe shi da muryar da aka haife ni da ita. Wanda ya saurara Allah Ya ba shi lafiyar ciki da waje, Ya mai da kowa gidansa da ƙafarsa.